Kundin Jinyar Wuyana Bayan Hatsarin Mota

9 ga Maris

Likitar da ta duba ni ta ce raunin fizgar wuya ne, mataki na biyu. Babu karaya, babu gocewar ƙashi, jijiyoyin hannu kuma lafiya lau. Zan riƙa rubuta yadda jinyar take tafiya, domin mai ciwo yakan manta yadda yake a makon jiya, kullum gani yake kamar yana nan inda yake. Abin da nake nema biyu ne: in koma tuƙi ina waiwaye ba fargaba, in kuma zauna gaban kwamfuta har a tashi aiki ƙeyata ba ta sara ba.

Muna tsaye a danja wata mota ta buge mu ta baya. Na fito da ƙafata, ban ji komai ba. Sai da na kwana na tashi wuya ya sanƙare, ciwo ya taso daga ƙeya ya gangaro kafaɗa. Likita ta ce haka wannan rauni yake, sau da yawa sai bayan sa'o'i ko washegari yake bayyana.

Matakan da ta ambata sun samo asali ne daga wani kwamitin masana na lardin Kwibek a Kanada, wanda ya fitar da rahotonsa a 1995. Mataki na ɗaya ciwo ne da sanƙarewa kawai, likita bai ga wata alama a jiki ba. Na biyu, wanda nake ciki, wuya ba ya juyawa yadda ya saba, kuma akwai wuraren da in an danna sai mutum ya zabura. Na uku ya taɓa jijiya, hannu ya yi rauni ko ya sage. Na huɗu karaya ce ko gocewar ƙashi, wannan kuwa aikin likitocin tiyata ne, ba a kai shi wurin mai gyara da hannu.

Na nemi a yi mini hoton ƙashi, ta ce babu buƙata, ta kuma zaunar da ni ta yi bayani. Akwai ƙa'idar da likitocin Kanada suka wallafa a 2001 wadda ake bi a ɗakunan gaggawa. Wanda ya kai shekara 65, ko hatsarinsa ya yi muni, ko yake jin kamar ana tsira masa allura a hannu ko ƙafa, a yi masa hoto. Wanda aka buga ta baya bugu mai sauƙi, ya yi tafiya da ƙafarsa, ciwon bai zo nan take ba, kuma yana iya juya kai digiri 45 dama da hagu, hoto ba zai ƙara masa komai ba. Na juya da ƙyar, amma na juya.

13 ga Maris

Yayata ta zo da kwalar soso ta ɗaure wuya. Ta ce, "Ƙanena, sa wannan ka kwanta, wuya ba abin wasa ba ne." Na ce, "Yaya, likita ta hana." Ba ta ji daɗi ba, kuma na fahimce ta, domin hankali ya fi karɓar a ɗaure abin da ya ji rauni. Sai dai bincike ya nuna akasin haka. A Norwe, a 1998, an raba waɗanda suka samu irin wannan rauni gida biyu. Wasu aka sa musu kwala aka ba su hutun aiki na kwana 14, wasu aka ce su ci gaba da harkokinsu. Bayan wata shida, waɗanda suka ci gaba da motsi sun fi samun sauƙi. Wuyan da aka ɗaure tsokarsa takan saki, gaɓoɓinsa su ƙara taurara.

Na karɓi kwalar na ajiye, na yi mata godiya. Ina shan maganin rage ciwo yadda aka rubuta mini, ina tafiya a ƙasa safe da yamma.

19 ga Maris

Yau na fara zuwa wurin kairofirakta, wato mai jinyar gaɓoɓin baya da na wuya da hannu, da sanin likitata. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai yi gaggawar taɓa ni ba. Tambayoyi ya yi ta jerowa: ko na suma, ko ina jin jiri, ko ina ganin abu biyu-biyu, ko haɗiya tana ba ni wahala, ko ina shan maganin da ke tsinka jini. Sannan ya gwada ƙarfin hannayena, ya auna iyakar juyawar kaina ta kowace fuska. Hagu ce matsalar, ina kai rabin hanya sai wuya ya cije.

Ya ba ni takarda mai tambaya goma a kan ciwo, barci, karatu, tuƙi, ɗaukar kaya, aiki da makamantansu. Kowace tambaya maki 0 zuwa 5, jimilla 50. Howard Vernon da abokin aikinsa Silvano Mior ne suka tsara ta a 1991 a kwalejin kairofiraktik da ke Toronto, yanzu kuma likitoci na kowane fanni suna aiki da ita. Makina ya haura 20, wato naƙasa matsakaiciya. Da wannan takarda za mu riƙa auna ci gaba, ba da "na ji dama-dama" ba.

Ya nuna mini da hannu yadda raunin yake faruwa. Kai yana da nauyin kilo huɗu zuwa biyar, yana zaune a kan ƙasusuwa bakwai. In an bugi mota ta baya, kujera takan tura gangar jiki gaba, kai kuwa ya ɗan makara a baya. A wannan ƙiftawar ido ƙasusuwan ƙasa sukan lanƙwashe baya, na sama su lanƙwashe gaba, wuya ya yi siffar harafin S, siffar da ba ya yi a motsinsa na yau da kullum. Duk wannan yana ƙarewa kafin rabin daƙiƙa, tsoka ba ta ma farga ba balle ta kare. Ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙashi da ƙashi ta baya su suka fi shan matsa.

Dole in faɗi inda na tsaya game da wannan sana'a. D.D. Palmer ne ya kafa ta a 1895 a garin Davenport na jihar Ayowa a Amurka, bisa ra'ayin cewa yawancin cututtuka daga karkacewar ƙashin baya suke. Wannan ra'ayi bai tabbata ba, kuma ban yarda da shi ba. Duk wanda ya ce zai warkar mini da hawan jini ko asma ta hanyar danna baya, zan ɗauki takalmina. Abin da ya kawo ni ƙarami ne kuma yana da hujja: aikin hannu a kan gaɓoɓi da tsoka yana iya rage ciwo na ɗan lokaci, ya ba mutum damar motsa wuyansa. Kairofiraktan da nake zuwa wurinsa da kansa ya ce, "Malam, hannuna buɗe ƙofa yake yi, shiga kuwa naka ne."

22 ga Maris

Na daɗe a kan magana ɗaya a 'yan kwanakin nan, kuma ita ce mafi nauyi a duk jinyar.

Aikin hannu iri biyu ne. Akwai girgiza gaɓa a hankali, a kai ta iyakarta a dawo, majiyyaci yana iya cewa a tsaya a kowane lokaci. Akwai kuma fizga guda mai sauri wadda ake jin ƙas. Mutane da yawa suna zaton wannan ƙarar ƙashi ne ya koma mazauninsa. Ba haka ba ne, kumfar iska ce ke tasowa a cikin ruwan gaɓa in an buɗe ta farat ɗaya, irin ƙarar da yatsa ke yi in an ja shi. Babu ƙashin da ya fita balle ya koma.

Abin damuwa yana cikin jijiyoyin jini biyu da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya. Daidai ƙashi na ɗaya da na biyu, inda kusan rabin juyawar kai take faruwa, jijiyar takan yi kwana, kuma juyi mai ƙarfi yana miƙar da ita. Idan bangonta na ciki ya tsage, jini na iya daskarewa ya toshe hanya, a samu shanyewar ɓarin jiki. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru babba ne, kuma yakan faɗa wa matasa.

Masana sun rabu a kan ko fizgar ce ke haddasa tsagewar. David Cassidy da abokan aikinsa sun duba bayanan lardin Ontariyo, suka wallafa a 2008. Sun samu mutum 818 da suka yi irin wannan shanyewa. A cikin 'yan ƙasa da shekara 45, an ga alaƙa da zuwa wurin kairofirakta, amma an ga irin wannan alaƙa da zuwa wurin likitan asibiti. Fassararsu ita ce jijiyar ta riga ta tsage, ciwon wuya da na kai da tsagewar ta haifar shi ya kai mutum neman magani. Wasu likitocin jijiya ba su gamsu ba, suna ganin fizga na iya ƙarasa abin da ya fara. A 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a sanar da majiyyaci wannan alaƙa kafin a fizgi wuyansa. Ina tare da wannan matsaya ɗari bisa ɗari. Wuya na mai shi ne, shi ya kamata ya zaɓa, kuma ba zai zaɓa ba sai an gaya masa.

Ni kuma hatsari na yi, kuma hatsarin kansa yana iya taɓa jijiyar. Ga wani binciken Jami'ar Kalifoniya a Los Anjelis na 2002, a kan masu ciwon wuya gaba ɗaya, da ya nuna girgizawa a hankali da fizga sakamakonsu kusan ɗaya ne. To in riba ɗaya ce, me zai sa in ɗauki wadda ake tababa a kanta? Na ce, "Likita, ban da fizga a wuya." Bai yi musu ba, ya rubuta a katina. Zai yi girgiza a wuya, fizga kuwa sai a bayan ƙirji tsakanin allunan kafaɗa, inda wannan jijiya ba ta bi.

Ga alamomin da ya ce in na gani in wuce ɗakin gaggawa kai tsaye, kada in dawo wurinsa: ciwon kai ko na wuya mai tsanani da ban taɓa jin irinsa ba, jiri mai kayarwa, gani biyu-biyu, harshe ya karye, haɗiya ta gagara, fuska ta sage, fatar ido ɗaya ta sauko, ko tafiya ta zama tangaɗi. Na karanta wa iyalina su ma.

31 ga Maris

Bayan kowane zama wuya yakan saki har zuwa dare, wani lokaci har washegari. A wannan tsakanin nake atisaye.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mafi ƙanƙanta. In kwanta rigingine, in ɗan sunkuyar da haɓa kamar mai cewa "to", ban ɗaga kai ba, in riƙe na daƙiƙa goma. Ana neman tsokokin ciki ne da ke manne da ƙashin wuya ta gaba. Gwendolen Jull da abokan aikinta a Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya sun nuna cewa bayan rauni waɗannan tsokoki sukan yi sanyi, na waje su karɓi aikin su yi ta ɗaurewa. In na sa yatsa a gefen wuya na ji tsokar waje ta kumbura, to na wuce gona da iri, sai in sassauta. Sauran atisayen su ne juya kai a hankali, da matse allunan kafaɗa, da kafa ido a wuri ɗaya ina juya kai.

10 ga Afrilu

Mako mara daɗi. Ciwo ya dawo bayan na daɗe a zaune ina aiki, barci ya lalace. Kuma akwai abin da ban rubuta ba tun farko: duk sanda na tsaya a danja idona yana kan madubi, kafaɗuna a ɗage, zuciya tana bugawa. Na gaya wa likitata. Ba ta raina maganar ba. Ta ce firgicin da ke biyo bayan hatsari yana daga cikin abubuwan da ke jinkirta warkewa, tare da tsananin ciwon farko da kuma yadda mutum ya sa rai zai warke ko ba zai warke ba. Michele Sterling, ita ma a Kwinslan, ta gwada haɗa atisaye da koyar da dabarun shawo kan firgici tun a makonnin farko, ga waɗanda ake tsoron ciwonsu zai daɗe, aka ga sun fi waɗanda suka yi atisaye kaɗai. An wallafa wannan a 2019.

Wannan ba ya nufin ciwon a zuci yake. Gaɓa ta ji rauni da gaske. Amma jikin da ke cikin tsoro ba ya sakin tsoka, ba ya barci, kuma ciwo ya fi kama shi. An koya mini numfashi mai tsawo, ina yi kafin in tayar da mota. Aiki kuma na yanka shi gunduwa-gunduwa, ina tashi in miƙe.

20 ga Afrilu

A ɗakin jira na haɗu da wata baiwar Allah da ta taso daga wani wuri, inda aka yi mata hoto aka ce wuyanta ya miƙe, aka rubuta mata zama na shekara guda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Miƙewar wuya a hoto ana ganin ta a mutane da yawa da ba su da ciwon komai, kuma ɗaurewar tsoka ko yadda mutum ya tsaya lokacin hoton na iya kawo ta. A tsorata mai ciwo da hoto don ya yi ta zarya zalunci ne.

Hujja a kan wannan daga cikin gidan ta fito. Pierre Côté, wanda shi ma kairofirakta ne, ya bi bayanan masu wannan rauni a lardin Saskacewan na Kanada. A 2005 ya wallafa cewa waɗanda suka yi ta zaryar jinya a watan farko, wurin likita ko wurin kairofirakta ko duka biyun, sun fi jinkirin warkewa a kan waɗanda suka je kaɗan, ko da an yi la'akari da tsananin rauninsu. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da dalili kai tsaye, amma darasinsa ya shige ni. Mutumin da kullum ake taɓa shi yakan fara ganin warakarsa a hannun wani take.

Na tayar da maganar da nawa kairofiraktan. Ya ce dama tsarinsa ke nan, daga yanzu za mu riƙa nisanta zama, mu ƙara nauyin atisaye. An ba ni robar ja don ƙarfafa kafaɗa da bayan wuya.

3 ga Mayu

Na gyara majinginar kai a motarmu, kujerar direba da ta gefe. Samanta ya yi daidai da saman kai, kuma ta matso kusa da ƙeya iyakar yadda za ta yiwu. In ta yi ƙasa, kai yakan tsallake ta ya lanƙwashe a kanta, ta zama abin cutarwa. Amurka ta wajabta ta a kujerun gaba na sababbin motoci tun 1969, Saab da Volvo kuma suka fito da kujerun da ke tarbar kai lokacin bugu a 1997 da 1998. Duk da haka, tun da na fara lura, motoci da yawa da na shiga majinginarsu tana can ƙasa daidai wuya. Gyaran ba ya cin minti ɗaya. Mata su fi kula, domin bincike ya nuna sun fi maza samun wannan rauni a bugun baya.

18 ga Mayu

An sake cika takardar nan mai tambaya goma. Maki ya sauko ƙasa da 15, na shiga sahun naƙasa mai sauƙi. Alhamdulillahi. Hagu ta kusa kamo dama, ina ja da baya da mota ina waiwaye. Barci ya daidaita.

Ciwon kai ne ya ƙi tafiya. Yakan taso daga ƙeya ta hagu ya zagayo bayan ido, musamman da yamma.

7 ga Yuni

Wata uku ke nan, kuma wannan iyaka tana da ma'ana. Yawancin sauƙin da ake samu a watanni biyu zuwa uku na farko yake zuwa, daga nan sai tafiyar ta yi sanyi. Kwamitin ƙasa da ƙasa da ya tattara binciken ciwon wuya a 2008 ya ce kusan rabin masu wannan rauni suna da sauran ciwo bayan shekara. Adadin ya dame ni da na fara jin sa. Amma "sauran ciwo" ya haɗa da wanda ke jin ɗan tsami jefi-jefi yana harkokinsa, da wanda ciwon ya hana shi aiki, kuma na biyun su ne marasa yawa.

Na yi tunanin ko in ƙara yawan zama don in kori abin da ya rage. Na fasa. A 2014 mujallar Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a Ostireliya a kan waɗanda ciwonsu ya wuce wata uku. Wasu sun yi zama 20 na atisaye tare da likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa jiki, cikin mako 12, wasu zama ɗaya na shawara da damar tuntuɓa ta waya, kuma ba a ga bambanci ba. Wannan sakamako bai yi wa kowa daɗi ba, amma ya nuna mini cewa yawan zama ba shi ne maganin wannan matakin ba. Ni da kairofiraktan mun yi sallama a kan cewa in ciwo ya taso sosai in dawo zama ɗaya ko biyu, ba jadawali na dindindin. Ya rubuta wa likitata takardar abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Ciwon kan nan shi ne aikin da ke gabana. Nikolai Bogduk da abokan aikinsa a Niyukasil ta Ostireliya sun nuna tun shekarun 1990 cewa a kusan rabin masu daɗaɗɗen ciwo bayan fizgar wuya, ƙananan gaɓoɓin baya ne tushensa, kuma gaɓar da ke tsakanin ƙashi na biyu da na uku ita ta fi haifar da ciwon kai daga ƙeya. Hoto ba ya nuna wannan. Ana gane shi ne ta hanyar allurar kashe zafi a kan ƙaramar jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar, a ga ko ciwon zai ɗauke. Likitata ta ce ban kai nan ba tukuna, ciwon bai hana ni aiki ba, kuma har yanzu yana raguwa.

Tsarin da muka yi shi ne in ci gaba da atisayen haɓa da na roba, in ɗaga allon kwamfuta ya yi daidai da ido, in kuma riƙa rubuta lokacin da ciwon kai ya zo da abin da nake yi kafin ya zo. Farkon Yuli zan koma wurinta da wannan rubutu, a sake cika takardar, sannan mu yanke ko za ta tura ni wurin ƙwararren likitan ciwo.